Likitan Da Ba Shi Da Makaɗi

Hausawa na cewa yabon gwani ya zama dole. Na fi shekara goma sha biyar ina koyar da waƙar baka, kuma duk shekara sai na tsaya gaban ɗalibaina na jero musu gwanayen da makaɗanmu suka ga wajibi ne su yaba. Narambaɗa da Ɗanƙwairo sun yabi sarakuna, Ɗan'anace ya yabi 'yan dambe, Kassu Zurmi ya yabi 'yan tauri, Shata kuwa bai bar attajiri ko direba ko manomi ba. Nakan shaida wa ɗaliban cewa sharaɗin yabo a wajen Bahaushe shi ne ido ya ga aikin: a ga an ka da abokin karo, a ga rumbu ya cika, a ga an raba riguna da dawaki. Sai a 'yan shekarun nan ne na farga cewa wannan sharaɗi ya bar wasu gwanaye a bayan danga, kuma ɗaya daga cikinsu yana bin gidanmu bashi mai nauyi, alhali shi bai sani ba, mu ma mun daɗe ba mu sani ba.

Ya mai karatu, sai ka yi haƙuri da ni mu koma baya kaɗan, domin labarin ya faro ne daga bazarar 1996. A lokacin ina da shekara 15, ina makarantar sakandare ta je-ka-ka-dawo a wani ƙaramin gari na ƙasar Hausa. An sha ruwa an yi ƙaramar salla, sanyin hunturu ya janye, ƙura dai ba ta kwanta ba, zafi kuma ya fara kankama. Da farko daga nesa muke jin labari, cewa sanƙarau ya sauka a ƙauye kaza, an binne mutum kaza a yini guda. Ba a jima ba sai ga shi a unguwarmu. Autanmu, yaro ɗan shekara shida, ya dawo daga makarantar allo da yamma yana kukan ciwon kai. Inna ta taɓa jikinsa ta ji zafi, ta ɗauka zazzaɓi ne irin wanda aka saba, ta ba shi magani ta lulluɓe shi. Cikin dare ya fara amai, ya ce a kawar da fitila domin haskenta na sukar idonsa. Da asuba Baba ya tallabi ƙeyarsa zai ɗago shi, sai duk jikin ya taso tare kamar icce, wuya ya ƙi lanƙwasuwa. Baba bai ce komai ba, ya fita neman mota. Kafin a-kori-kura ta iso, ƙanwata 'yar shekara tara ita ma ta kwanta.

Abin da na gani a asibitin da aka kai su ba zai taɓa fita daga zuciyata ba. Ɗakuna sun cika, baranda ta cika, an shimfiɗe marasa lafiya a kan tabarmi a gindin itatuwan darbejiya, an rataye robobin ƙarin ruwa a jikin rassa. Ma'aikata kaɗan ne, idanunsu sun yi jawur don rashin barci. Wani malamin asibiti ya durƙusa ya duba yaran nan biyu, ya zuƙo wata allura mai kauri kamar man gyaɗa, ya tsira wa kowannensu a gindi, ya wuce tabarma ta gaba. Na bi shi na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe za a ƙara musu?" Ya ce, "Guda ɗaya ce, yaro. Ku yi ta addu'a." A raina na ce ƙarancin magani ne ya sa aka yi mana rowa, kuma na riƙe wannan zato har shekara ashirin da ɗaya. Auta bai kai azahar ɗin washegari ba. Ƙanwata kuwa ta farfaɗo a rana ta uku, ta nemi kunu. Muna cikin murna Inna ta kira sunanta daga baya, ba ta waiwayo ba. Ta sake kira da ƙarfi, shiru. Tun daga ranar ba ta sake jin kiran salla ko kukan zakara ba.

Daga baya na karanta ƙididdigar waccan shekara. A Nijeriya kaɗai an rubuta mutum 109,580 da suka kamu, 11,717 daga cikinsu suka rasu, ban da waɗanda aka binne a ƙauyuka ba tare da alƙalami ya taɓa su ba. A faɗin Afirka, tsakanin 1996 da 1997, waɗanda suka kamu sun haura 250,000, mamata kuma kimanin 25,000. A shekarar ce hukumomin Saudiyya suka rufe wa maniyyatan Nijeriya ƙofa saboda annobar. Autanmu ɗaya ne daga cikin waɗannan lambobi.

Kwanci tashi, neman abinci ya kawo ni koyarwa a kudancin ƙasar nan, inda hunturu kan leƙo na 'yan makonni ya koma. A rukunin gidajen malamai Allah ya haɗa ni da wani maƙwabci, dattijon likita Bayarabe wanda ya yi karatunsa a Zariya, Hausar Zazzau a bakinsa kamar a Tudun Wada aka haife shi. Wani dare a 2017 muna zaune a ƙofar gida muna sauraron labarin sanƙarau da ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato, sai na ba shi labarin gindin darbejiya, har da ƙorafina na allura guda. Ya dube ni ya girgiza kai. Ya ce, "Haba Malam, ai ba rowa aka yi muku ba. Wannan allurar da ka raina, mutane sun yi shekaru suna wahala kafin a tabbatar da cewa guda ɗaya ta isa. Kuma a Zariya aka yi wani babban ɓangare na aikin, tun ba a haife ka ba." Washegari ya aiko mini da wasu takardu da ya ɗauki hotonsu daga tsofaffin mujallun likitoci. Sunaye da yawa ne a kansu, amma guda ɗaya yana ta maimaituwa: Brian Greenwood.

An haifi wannan bawan Allah a Ingila a 1938. Ya karanta likitanci a Kambirij da Landan, sannan a 1965 ya zo Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan yana saurayin likita. A can ne ya lura da wani abu da ya tsaya masa a rai. Wani nau'in amosanin gaɓɓai da ya cika asibitocin Turai, wanda garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta far wa jikin da ya kamata ta kare, bai cika ganin sa a tsakanin marasa lafiyar Ibadan ba. A 1968 ya wallafa hasashensa a mujallar Lancet, cewa wataƙila cututtuka irin su zazzaɓin cizon sauro, waɗanda yaro ke fama da su tun yana goye, su ne ke sauya wa garkuwar jiki ɗabi'a. Wannan tambaya ce ta sa ya koma Ingila ya ƙware a ilimin garkuwar jiki. A 1970, da yaƙin basasa ya ƙare, sai ya dawo, wannan karon zuwa sabuwar makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ya shafe shekara goma cur a Zariya.

Duk likitan da ya zauna a Zariya a waɗannan shekaru dole sanƙarau ya zama malaminsa. Garin yana tsakiyar wani zirin ƙasa da ya taso daga Sanagal ya dangana da Habasha, wanda wani likitan sojan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya fayyace iyakokinsa a 1963. Tun 1905 aka fara rubuta labarin annobar a Arewacin Nijeriya, kuma tun daga lokacin takan yi 'yan shekaru ta lafa, ta sake tasowa. Ƙwayar cutar bakteriya ce da ke zama a maƙogwaro. Mutane da yawa suna ɗauke da ita suna yawo lafiya lau, suna miƙa wa juna ta tari da atishawa. A jikin 'yan kaɗan ne take ketawa ta shiga jini, ta kai ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, ya kumbura. Wannan kumburi ne ke sanƙarar da wuya, shi ne kuma ke lalata jijiyar ji.

Greenwood da abokan aikinsa, irin su Hilton Whittle da Sadiq Wali da Idris Mohammed, sun ɗauki tambayoyin da kowace tsohuwa a ƙauye ke iya yi, suka bi su da awo da lissafi. Me ya sa cutar ke zuwa da rani ta ɗauke da saukar ruwan farko? Sai suka riƙa shafo maƙogwaron mutanen ƙauye rani da damina, suka gano cewa ƙwayar ba ta tafiya ko'ina, tana ci gaba da yawo a tsakanin jama'a har cikin damina. Abin da ke sauyawa shi ne jikin mutum: bushewar iska da ƙura da zafi, a hasashensu, su ke raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro har ƙwayar ta sami ƙofa. Yaya za a gane cutar da wuri a asibitin da ba shi da kayan aiki? Suka gwada hanyoyin gano alamar ƙwayar a cikin ruwan ƙashin baya cikin ɗan lokaci. Me ya sa rigakafi ke kama wani yaro ya ƙi kama wani? A 1972 da kuma 1978 suka nuna cewa yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar, garkuwar jikinsa ba ta amsa wasu alluran rigakafi yadda ya kamata, har da ta sanƙarau.

Sai kuma tambayar da ta shafe ni kai tsaye. A wancan zamani maganin sanƙarau shi ne a yi ta tsira wa majiyyaci fenisilin sau da yawa a yini har kwanaki. Wannan mai yiwuwa ne in marasa lafiya goma ne. In kuwa dubu ne a gindin itace, ma'aikata kuma biyar, to lissafin ba ya fita. Likitocin Faransa sun riga sun fara amfani da wani magani mai suna kuloramfenikol da aka kwaɓa da mai, yadda zai daɗe yana tsatsafowa cikin jini daga inda aka tsira shi. A 1979 ƙungiyar Zariya, da sunan Dakta Wali a kan gaba, ta wallafa sakamakon gwajin da ya nuna cewa allura guda ta wannan magani tana yin aikin da fenisilin na kwanaki ke yi. Wani gwajin da aka yi a Nijar da Mali, wanda ya fito a 1991, ya ƙara tabbatar da amfaninsa. Wannan ita ce allura mai kaurin man gyaɗa. Da na kai nan a karatun takardun, sai na ajiye su na fita waje. Shekara biyu kafin a haife ni, wasu mutane da ba su san za a yi wata yarinya a gidanmu ba sun riga sun auna mata abin da zai tashe ta daga tabarma. Auta kuwa cutar ta riga allurar isa, domin sanƙarau kan iya kashe yaro cikin yini guda.

A 1980 Greenwood ya bar Zariya ya koma Gambiya, inda ya shugabanci cibiyar binciken lafiya ta Birtaniya da ke Fajara har shekara 15. A can ne shi da almajiransa suka gwada gidan sauro da aka tsoma a maganin ƙwari, kuma sakamakon da ya fito a 1991 ya nuna cewa mutuwar ƙananan yara ta ragu ainun a ƙauyukan da aka yi gwajin. Gidan sauron da ake raba wa mata masu juna biyu a asibitocinmu, wanda wasu ke mayarwa shingen lambu, yana da tushe a wannan aiki. A 1996 ya koma makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan, amma bai saki Afirka ba. Yana cikin waɗanda suka yi ta gwada dabarar bai wa yara maganin zazzaɓin cizon sauro wata-wata a lokacin damina tun kafin su kamu, dabarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2012. A wannan shekarar ce kuma Sarauniyar Ingila ta ba shi sarautar girmamawa ta Sir.

Sanƙarau dai bai fita daga ransa ba. Rigakafin da ake da shi a 1996 an yi shi ne da zallar rigar sukari da ke lulluɓe da ƙwayar cutar. Garkuwar jiki takan ga wannan riga ta yunƙura, amma ba ta riƙe kamanninta, sai kariyar ta gushe cikin 'yan shekaru. Ba ya kama jarirai sosai, ba ya kuma share ƙwayar daga maƙogwaro. Shi ya sa akan jira sai annoba ta tashi sannan a bi ta da allura, kamar mai haƙa rijiya bayan gobara ta kama. Mafita ita ce a ɗaure rigar sukarin a jikin wani furotin da garkuwar jiki ta iya haddacewa. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka ɗaura niyyar samar da irin wannan domin Afirka, kamfanin Serum Institute na Indiya ya sarrafa shi a kan farashin da bai kai rabin dala ba, aka sa masa suna MenAfriVac. An fara yin sa a Burkina Faso a Disambar 2010, ya iso Nijeriya a ƙarshen 2011. Ba Greenwood ne ya ƙirƙiro shi ba. Nasa aikin shi ne jagorantar binciken da ya auna ko ya yi amfani. A Chadi, inda aka yi wa mutum kimanin miliyan 1.8 allurar a 2011, rahoton da ya fito a 2013 ya nuna cewa sanƙarau ya ragu da kashi 94 cikin ɗari a yankunan da aka yi rigakafin in an kwatanta da waɗanda ba a yi ba. Daga zuwansa Zariya zuwa wannan rahoto shekara 43 ke nan. Lalle mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, na yi ta kokawa da zuciyata kafin in rubuta wannan. Ni ɗalibin adabi ne da aka horar a kan tuhumar duk labarin da ya sa Bature a tsakiya ya mayar da 'yan ƙasa 'yan rakiya. Kuma ina sane da cewa a wannan bazara ta 1996, a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya haɗa yara kimanin 200, inda 11 suka rasu, aka yi ta shari'a a kan ko an nemi yardar iyayensu yadda ya dace, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Farfesa Idris Mohammed, wanda ke jagorantar yaƙi da annobar a lokacin, yana cikin waɗanda suka ɗaga murya a kan gwajin. Tabon wannan lamari yana cikin abubuwan da suka sa jama'a suka juya wa rigakafin shan inna baya a 2003. Saboda haka wanda ya ji kalmar bincike gabansa ya faɗi yana da hujja. Sai dai na auna na ga bambanci tsakanin wanda ya zo na 'yan makonni ya kwashi abin da yake so ya tafi, da wanda ya zauna shekara goma yana duba marasa lafiya, yana horar da 'yan ƙasa da suka zama farfesoshi a bayansa. Na kuma ga cewa hannu ɗaya bai ɗauki wannan jinka ba. Akwai ma'aikatan ɗakin gwaji, da direbobi, da masu unguwanni, da iyaye matan ƙauyukan Zazzau da suka miƙa hannun 'ya'yansu aka ɗebi jini. Ba a rubuta sunayensu a Lancet ba, amma da su aka yi.

Yaƙin ma bai ƙare ba. MenAfriVac nau'i ɗaya na ƙwayar yake karewa, wato nau'in A. Wanda ya ɓarke a 2017 nau'in C ne, ya kuma ci rayuka fiye da 1,100. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon rigakafin Men5CV mai kare nau'i biyar. Wasu likitocin ne yanzu ke kan wannan aiki, akasarinsu 'yan Afirka, su ma babu mai kiɗa musu kalangu.

To, me ya hana makaɗi ya yabi irin wannan gwani? Ina jin dalilin shi ne nasararsa ba ta da fage. Likitan fiɗa in ya yi aiki, majiyyaci ya miƙe, dangi sun gani, ana iya yi masa waƙa. Shi kuwa mai binciken rigakafi, ribar aikinsa ita ce jana'izar da ba a yi ba, da yaron da ya je makarantar allo ya dawo ya ci tuwo ya yi barci, uwarsa ba ta ma san an tsallake wani abu ba. Muna da waƙoƙin faɗakarwa masu cewa a kai yara rigakafi, amma waɗannan umarni ne, ba su kai matsayin yabo ba. Ina ganin wannan giɓi ne a adabinmu, kuma ga ɗalibai masu jini a jika da ke neman jigon da ba a tattake ba, ga fili nan.

Da na je gida hutun babbar salla a shekarar da na karanta takardun nan, na tarar da ƙanwata tana tankaɗe a tsakar gida, 'ya'yanta huɗu na wasa a gefe, manyan cikinsu duk an yi musu rigakafin. Ita ba ta taɓa jin ko ɗaya daga cikin waƙoƙin da nake ci da su ba, amma tana karanta leɓe, tana kuma karanta boko gwargwadon ajin da ta kai kafin ciwon. Na zauna kusa da ita na ba ta labarin da hannu da baki, na rubuta mata sunayen likitocin a bayan wata takardar magani. Ta daɗe tana kallon rubutun. Sannan ta nuna takardar, ta nuna ƙirjinta, ma'ana, sun san ni? Na girgiza kai. Ta yi murmushi, ta ɗaga yatsa sama, ta shafa addu'a, ta ninke takardar ta ƙulle a bakin zanenta, ta ci gaba da tankaɗenta.